Shekarar Da Na Ba Da Kawunku

Ku 'ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji a bakin dangin mahaifiyarku: wai ni na sayar da kawunku Isuhu a Alƙahira kamar yadda ake sayar da rago. Tun kuna ƙanana ake faɗa, wani da wasa, wani da gaske, ni kuwa ban taɓa tanka wa kowa ba. Yanzu gwiwoyina sun ƙi hawa bene, likita ya raba ni da gishiri, zama ya yi mini yawa, don haka zan faɗi yadda abin ya faru da bakina. Ba afuwa nake nema ba. Da za a mayar da ni wannan shekarar, abin da na yi shi zan sake yi. Ina dai so ku san abin da aka bayar da abin da aka karɓa, sannan kowa ya yanke hukuncinsa.

Karatu ne ya kai ni Masar, kamar kowa, na kuma gama da irin sakamakon da ba a tarbar mai shi da kalangu. Abin da na iya da gaske tun ina kwaleji a Zariya shi ne ƙwallon gora, wadda ake kira hoki: sanda mai lanƙwasasshen kai, da 'yar ƙwallo mai tauri kamar dutse, mutum goma sha ɗaya kowane gefe. Wani mai masaƙar barguna a bayan unguwar Abbasiya, Hag Mitwalli, ya gan ni ina bugawa da ɗalibai, ya ɗauke ni in riƙa horar da ƙungiyar masaƙarsa. A lokacin masana'antu takwas ne ke gasa tsakaninsu. Ɗan wasa ma'aikaci ne, da safe yana kan inji, da la'asar yana fili. Ni a takarda magatakardan sito ne, a bakin mutane kuwa Kabtin Salih, don Misirawa duk mai horar da 'yan wasa kabtin suke ce masa. Da wannan aikin aka buga mini iƙama, wato izinin zama a ƙasar, kuma a kan iƙamata mahaifiyarku take zaune. Ku riƙe wannan, don a kansa duk labarin yake tafiya.

Mahaifiyarku Rabi ɗiyar wani mai fataucin fatu ce daga Maraɗi, da ke sana'arsa a Alƙahira. Da ciwo ya mayar da tsohon gida, sai ya bar mata ƙanenta Yusufu, wanda kowa ke kira Isuhu, ya ce amana ce. Ita ta ƙarasa rainonsa, ni kuma da na aure ta sai na same shi cikin kayan ɗaki, shi da tukwane. Muna zaune a wani ɗan gida mai ɗaki biyu can saman bene, taragon lantarki na wucewa ƙarƙashin taga yana girgiza mana kofunan shayi. Ni na fara sa masa gora a hannu, kafin gemu ya gama fito masa ya fi ni nesa ba kusa ba. Yana da wani juyin gora da ban koya masa ba, sai ka ga ya ratsa tsakanin mutum biyu sun tsaya suna kallon juna. Na sa aka ɗauke shi aiki a masaƙa, ya zama shi ne mai ci mana ƙwallo. Kun kuma san irin wasan da ke tsakanin mutum da ƙanen matarsa. Isuhu bai taɓa raga mini ba, ko a gaban baƙi ne.

"Yaya Sale, wanga tumbi naka ya isa a yi mishi iƙama tashi daban."

"Da abincin wa ka yi wannan bakin?"

"Na yayata. Kai ma ai nata kaka ci."

Haka gidanmu yake, kullum da dariya. Abu ɗaya ne babu, shi ne haihuwa. Mahaifiyarku ta yi ɓari sau biyu, na biyun saura ƙiris ya tafi da ita. A shekarar da nake ba ku labari, lokacin an fara farfasa titunan tsakiyar gari don jirgin ƙarƙashin ƙasa, Allah ya sake ba ta ciki. Likitar da ke duba ta ta kalle ni ido cikin ido ta ce ba tafiya, ba jirgi, ba mota mai nisa, kuma a asibitinta za a haihu in ana son uwa da ɗa. A wannan watan ne Hag Mitwalli ya kira ni ofishinsa. Ɗansa ya dawo daga karatu a Turai da ƙaramar jaka da manyan shawarwari, yana tsaye bayan kujerar uban.

"Zauna, ya Kabtin. Ɗana yana son filin wasan nan, zai gina sito. Ni ina son wasa, amma na gaji da jin kunya a gaban abokaina. Bana in kun ƙare cikin huɗun farko, fili naku ne. In ba haka ba, halas, magana ta ƙare."

"Mu fa, ya Hag?"

"Misirawa su ci gaba da aikinsu a kan inji. Kai da yaronka kuwa, ma'alesh, sai haƙuri. Ba zan iya ce wa hukuma na rasa ɗan ƙasa da zai tsare mini sito ba."

Na fito, kafin in kai bakin ƙofar masaƙa na riga na san inda ciwonmu yake. Ba ci muka kasa ba. Isuhu ya ci biyu ko uku, mu juya a zuba mana huɗu. Mai tsaron gidanmu, Ammu Sha'aban, mutumin kirki ne mai 'ya'ya shida, amma in ya durƙusa tare ƙwallo sai an ba shi hannu yake tashi. Ga kuma al'adar gasar: akwai wata cibiyar matasa da ke koyar da wasan, duk shekara kafin a buɗe gasa sai a jera waɗanda suka isa aiki, masu horarwa su zaɓa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zo na ƙarshe bara shi ke fara zaɓa, sai mai bi masa, a zagaya sau biyu. An kuma yarda mutum ya musanya wurinsa na layi da na wani in sun daidaita, ko da kuwa sai ya ɗora ɗan wasa a kai. Mu ne na uku a layi. Na farko masana'antar gilashi ce ta unguwar Shubra, na biyu masu sabulu, waɗanda mai tsaron gidansu ya tafi ci-rani ƙasashen mai.

A cikin samarin shekarar akwai wani Gabir, ɗan kudancin Masar, dogo marar magana. Sana'arsa kai burodi: ya ɗora katakon burodi mai tsawon ƙofa a ka, ya hau keke, ya ratsa motocin Alƙahira hannu ɗaya a kan sitiyari, bai taɓa zubar da ko ɗaya ba. Na yi yammaci da dama a bayan raga ina kallonsa, ba hannunsa nake kallo ba, idonsa nake kallo. Duk ɗan Adam in aka doko masa wannan ƙwallon sai idonsa ya ƙifta, balle a zamanin da mai tsaron gida ba shi da komai sai kariyar ƙafa ta kara da fata da safar hannu. Gabir ba ya ƙiftawa, ba ya kuma faɗuwa kafin ƙwallo ta taso. Masu cin ƙwallo duk shekara cibiyar na fitar da su, amma irin wannan mai tsaron gida tunda na zo ƙasar ban ga na biyunsa ba. Na kuma san ba zai kai gare ni ba, masu sabulu za su ɗauke shi ina kallo. In na tsaya a wurina zan sami yara biyu masu dama-dama, kowa ya ce Kabtin ya yi dabara. Amma raga mutum ɗaya take ɗauka, kuma masu dama-dama ko goma ne ba za su tare abin da gwani ɗaya zai tare ba.

Na je na sami mai horar da 'yan gilashi, Kabtin Fu'ad, a gidan shayin da yake zama, yana zuƙar shisha yana jan carbi lokaci guda.

"Ka ba ni wurinka na farko, ka ɗauki nawa na uku, ka haɗa da zagaye na biyu, ka haɗa da zaɓina na baɗi."

"Ya habibi, yara uku da ban san su ba? Yara ina da su, ci nake nema. Ba ni wurinka na uku da ƙanen matarka, ka ɗauki na farko."

Na tashi ban shanye shayin ba. Na yi kwanaki ina juya maganar, na bi ta nan na bi ta can, ko'ina na ɓullo sai in tarar da amsa ɗaya. In na riƙe Isuhu, ni da shi da yayarsa duk za mu tattara kaya, ita kuwa ba ta da halin tafiya. In na ba da shi, ko mun nutse shi ya tsira. Na koma wurin Fu'ad na kafa sharuɗɗa: a ba yaron ɗaki a gidajen ma'aikata, a yi masa iƙama a kan sunan masana'antarsu, kuma kada a sa shi bakin wutar narka gilashi, a sa shi wajen shirya kaya. Ya yarda da duka, muka tafa.

Ban bari Isuhu ya ji a bakin wani ba. Ana gobe za a yi zaɓen, bayan la'asar, na same shi a rufin bene yana shafa wa gorarsa mai.

"Isuhu, gobe zan ba da kai ga 'yan gilashi."

"To, madalla. Mi za su ba ka? In buhun shinkahwa ne ka amsa, Yaya Rabi ta huta."

"Ba wasa nake yi ba. Gabir nake so, kuma sai da kai za su ba ni wurinsu."

Ya ajiye tsumman man. Na yi masa bayanin komai, fili da sito da iƙama da ɗakin da za a ba shi. Ban ga alamar ko ɗaya ya shiga kunnensa ba.

"Ni nika ci muku, Yaya Sale."

"Kana ci mana uku, a ci mu huɗu."

"To ka ce in ci biyar mana! Ka hwaɗa mini kawai, in ci!"

"Ba za ka iya kowane mako ba. Ba wanda zai iya."

Ya daɗe yana kallon tantabarun maƙwabta, sannan ya naɗe gorarsa a tsumma ya miƙe.

"Tamam, ya Kabtin."

Ko a cikin fili bai taɓa kira na da wannan sunan ba, sai ranar. Na sauko na tarar da mahaifiyarku tana tsinke mulukiya, wato ganyen lalo, a tire, na gaya mata. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronta.

"Ni Baba ya ba amana, Malam, ba kai ba."

"Saboda ke na yi, da abin da ke cikinki."

"Kak ka ɗora ma cikina. Bai zo duniya ba tukuna, kak ka sa shi ɗauki alhakin kowa."

Washegari aka taru a barandar cibiyar. Da aka ce 'yan gilashi su fara, Fu'ad ya nuna ni da carbinsa, na miƙe na kira sunan Gabir. Mai horar da masu sabulu ya buga tebur har kofi ya faɗi, a nan na tabbata ban yi kuskuren lissafi ba. Kafin Juma'a labari ya gama Hausawan Alƙahira. Fataken Nijar suka daina amsa gaisuwata da fara'a. Ɗalibai kuwa da ba'a suka zo: wani malami a unguwar Hayyin Sabi' ya tare ni a ƙofar masallaci yana tambaya, wai a wane babi na ciniki na karanta halaccin musanya ƙanen mata da mai burodi. Duk wannan ko a jikina. Abin da ya dame ni Isuhu ne. Ya kwashe kayansa ya koma Shubra, yana zuwa gaida yayarsa lokacin da ya san ina fili. In an yi rashin sa'a mun haɗu a matakala, sai ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa, ya ce, "Ina wuni, Malam. Ina gajiya?" Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Yaron da ke yi wa tumbina ba'a ya koma gaishe ni kamar baƙo, kuma ya san abin da yake yi.

Aka buɗe gasa, muka zama ƙungiyar da ba wanda ke son kallo. Ba mu da mai ci, sai mu lallaɓa mu jefa ɗaya mu koma gida mu tsare, ko a tashi ba ci. Ma'aikatan masaƙa suna yi mini ihu daga kan katanga suna kiran sunan Isuhu, musamman da labari ke zuwa cewa a Shubra yana ci kamar ba gobe, har 'yan gilashin da suka saba zama ƙarshe sun fara ɗaga kai. Wasanni biyu na farko Gabir ya yi kuskuren sabon shiga, aka ci mu, ɗan Hag ya fara kawo masu awo suna zagaya filin da igiya muna cikin atisaye. Ban canza komai ba. Na ce wa 'yan wasana duk wanda ya gaji da tsaron gida ga ƙofa nan, ba wanda ya fita. Sannu a hankali Gabir ya zauna daram, har abokan karawa suka fara doka ƙwallo waje don tsananin neman kusurwar da hannunsa ba zai kai ba. Jikinsa kullum da shaidar ƙwallo, bai taɓa cewa wash ba. Muka riƙa hawa kaɗan-kaɗan, cikin mahaifiyarku na girma, ita kuma tana yi mini duk abin da mace ke yi wa miji ban da hira.

Allah da ikonsa, wasan ƙarshe da 'yan gilashi ya faɗo, a filinmu. Mu ne na huɗu, su na biyar. In an tashi kunnen doki mun tsira, in sun ci sun haye kanmu. Kafin a fara na ja Gabir gefe na ce masa, in har aka kai ga bugun daga kai sai mai tsaron gida, Isuhu ƙasa yake turawa, ta hannun damanka, don ni na koya masa. Ya gyaɗa kai kawai. Muka fara ci, Isuhu ya rama, ya kuwa rama da irin juyin nan nasa, har na ji bakina na shirin yaba masa. Ana dab da tashi aka yi hargitsi a bakin ragarmu, ƙwallo ta nufi ciki, wani ɗan bayanmu ya tare ta da ƙafa a kan layi. A wasanmu ƙafa haramun ce. Alƙali ya nuna wurin bugu, filin ya yi tsit, na ga Isuhu ya karɓi ƙwallo daga hannun kyaftin ɗinsu ba tare da an ba shi ba.

Bai kalle ni ba. Ya san zan faɗa wa Gabir inda yake turawa, don haka ya karkata jiki kamar zai yi ƙasa ta dama, ya ɗebo ta da iya ƙarfin da Allah ya ba shi ya watsa sama ta hagu. Da Gabir ya bi maganata da yanzu wani labarin nake ba ku. Bai bi ba. Ya tsaya ƙyam sai da ƙwallo ta bar gora, sannan ya miƙa hannun hagu, muka ji ƙas, ta tashi ta bayan raga. Yatsansa na tsakiya ya karye, ƙashin har ya nuna ta cikin safa. Wannan tsayuwar ita na ba da kawunku na saya, kuma ko a lokacin, cikin ihun mutane, na san ta kai. Aka busa tashi. Isuhu ya je ya kama wuyan hannun Gabir ya duba yatsan, ya sumbaci goshinsa irin na Misirawa, ya wuce ta gabana ya hau motarsu. Hag Mitwalli ya juya ya ce wa ɗansa ya nemi wani wurin sito.

Sai da na kai Gabir aka ɗaure masa hannu sannan na koma gida, ana kiran magariba. Mahaifiyarku na kishingiɗe, ƙafafunta sun kumbura, labari ya riga ni zuwa ta bakin mai gadin bene.

"An ce ya zubar."

"Bai zubar ba. Tarewa aka yi."

"Gaskiya nika so, Malam. Sassautawa ya yi don ni?"

"Bai sassauta ba. Ya karya wa yaron yatsa."

"Kuma ya san in ta shiga, tashinmu ne?"

"Ya sani."

Ta ɗora hannu a kan cikinta. Sannan ta ce:

"Kai ka ba da shi don mu zamna, shi ya buga don mu tashi. Kowa ya yi aikinai. Ni ɗai ce ba wanda ya tambaya."

 Ta fi ni gaskiya a wannan, amma ko na tambaye ta ta ce a'a, zan yi, ita ma ta san haka. An sabunta mini iƙama. Bayan 'yan makonni naƙuda ta zo da irin matsalar da likitar ta faɗa, jini ya ɓalle, aka shiga da ita ɗakin tiyata a guje. Da a kan hanya muke, ko a wani ƙauye, da ba ku ba labarinku. Aka fito mini da uwa da ɗa namiji, dukansu da rai. Na aika Shubra aka gaya wa Isuhu ranar suna, bai zo ba. Ya ƙara shekara biyu yana buga wa 'yan gilashi, daga nan ya wuce Libiya, ya ƙare a Maraɗi, inda ya ba da labarin yadda ya gan shi, kuma ban ce ya yi ƙarya ba.

Ana gobe suna na shiga wurinta na ce na bar mata zaɓi, ta faɗi sunan da take so a raɗa wa yaron. Ba ta yi dogon tunani ba. Ta ce, "Yusufu." Kai ne wannan jaririn, kai da ta riƙa kira Bamisire har ka yi furfura. Kun san al'adarmu, uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, ko na duk wani mai irin sunansa. Ban taɓa tambayarta ko karrama ƙanenta ta yi ko rufe ƙofa ba. Abin da na sani, tun daga wannan yammacin har ta koma ga Allah, ban sake jin sunan nan, Yusufu ko Isuhu, ya fito daga bakinta ba.